Tallafin Kafin Alƙalami Na Gidan Farko A Amurka: Wanne Ne Kyauta, Wanne Ne Bashi Mai Kwanton Ɓauna?

Ran wata Juma'a, bayan an sallame, muna cunkushe a ƙofar masallaci a Buronks, cikin birnin Niyok, kowa na laluben takalminsa, wani ƙanina ɗan Damagaram ya miƙo mini wayarsa. Bidiyo ne na wata mata tana rantse-rantse cewa gwamnatin Amurka na raba dala 25,000 ga duk wanda bai taɓa mallakar gida ba, a latsa nan a cike fom. "Yaya, don Allah duba mini, gaskiya ne?" Shekararsa tara yana tuƙin tasi, ga mata ga yara uku, hayar ɗaki biyu kuma tana cinye kusan rabin abin da yake samu.

Na ce masa ya goge bidiyon. Dala 25,000 ɗin alkawarin kamfen ne da Kamala Harris ta yi a 2024, akwai kuma ƙuduri mai kama da shi da aka taɓa gabatarwa a majalisa, amma babu wanda ya zama doka. Sai dai ban so ya tafi da tunanin cewa duk zancen tallafi ƙarya ne. Akwai shi, da yawa ma. Jihohi na bayarwa, birane na bayarwa, wasu bankuna da ƙungiyoyi ma haka. Matsalar ita ce duka suna ɗaya suke amsawa, tallafi, alhali wani kyauta ne, wani bashi ne da ake yafewa in ka cika sharaɗi, wani kuma bashi ne da zai yi shiru shekara ashirin sannan ya tare ka a ƙofa ranar da za ka sayar da gidan. Wanda zai dace da kai kuma bai dogara da wanda ya fi yawan kuɗi ba. Ya dogara da tambayar da mu mutanen gida ba mu son amsawa da gaskiya: shekara nawa za ka zauna a gidan nan?

Bari mu fara da girman ramin da ake son cikewa. Mutanenmu da yawa sun ɗauka sai ka ajiye kashi 20 cikin 100 na kuɗin gida daga aljihunka, wato kafin alƙalami, kafin banki ya saurare ka. Ba haka ba ne. Bashin da FHA, hukumar gidaje ta gwamnatin tarayya, ke tsaya wa yana karɓar kashi 3.5 in makin kiredit ɗinka, wato makin tarihin biyan bashinka, ya kai 580, in kuma yana tsakanin 500 da 579 sai kashi 10. Shirin HomeReady na Fannie Mae da Home Possible na Freddie Mac, kamfanoni biyu da ke sayen basukan gidaje daga bankuna, suna karɓar kashi 3, ga wanda abin da yake samu bai wuce kashi 80 na matsakaicin samun yankinsa ba. A gidan dala 300,000, kafin alƙalamin ke nan dala 10,500 ko 9,000. Abin da ake mantawa shi ne kuɗin kammala ciniki: na lauya, na mai ƙiyasta darajar gida, na binciken takardun mallaka, da harajin gida da inshorar da ake biya gaba. Wannan yakan kama kashi 2 zuwa 5, wato dala 6,000 zuwa 15,000. Idan ka haɗa, kana maganar wajen dala 20,000 a hannu. Mai biyan hayar dala 2,000 duk wata ba tare da fashi ba yana iya biyan bashin gida, dala 20,000 a dunƙule ce ke gagararsa, musamman ga mai aika kuɗi gida kowane ƙarshen wata.

Wani abin kuma, "mai sayen gidan farko" a wajensu ba lalle wanda bai taɓa mallaka ba ne a rayuwa. A yawancin shirye-shiryen, wanda bai mallaki gidan da yake zaune ciki ba a shekara 3 da suka wuce ya shiga. In kana da gida a Kano ko Maraɗi da sunanka, ka faɗa tun farko, ka bar su su yanke. Fom ɗin neman bashi yana tambayar kadarar da ka mallaka, ƙarya a kansa kuma laifin tarayya ne, ba irin wanda ake kashewa da ban-haƙuri ba.

Kyauta tsantsa ita kowa ke so, don haka ita zan fi tsayawa a kai. Ana ba ka kuɗin ranar kammala ciniki, babu jingina ta biyu a kan gidan bayan ta bankin da ya ba ka babban bashi, babu wanda zai biyo ka. Bank of America na da irin wannan a wasu garuruwa: kashi 3 na kuɗin gida har zuwa dala 10,000 don kafin alƙalami, da wata daban har dala 7,500 don kuɗin kammala ciniki. A Tekzas, hukumar TSAHC na ba da har kashi 5 na bashin, kuma tana barinka ka zaɓa tsakanin kyauta da bashin da ake yafewa bayan shekara 3. Wannan zaɓin kansa ya isa ya sa mutum ya yi tunani. Me zai sa wani ya ɗauki bashi alhali ga kyauta a ajiye? Ruwa ba ya tsami banza. A shirye-shiryen jihohi da yawa, kyautar tana zuwa da kuɗin ruwa mafi tsada a kan babban bashin. Da hannun dama aka ba ka, da na hagu ake karɓa, kaɗan-kaɗan.

Ga lissafin da na yi wa ƙanin nan nawa a bayan takardar kai kaya, misali ne kawai. Gidan dala 300,000, an cire 10,500, saura bashin dala 289,500 na shekara 30. In ruwan kashi 6.5 ne, uwar kuɗi da ruwa za su kama kusan dala 1,830 a wata. In ka karɓi kyautar 10,500 ruwan ya koma kashi 7, sai ya zama kusan 1,926. Bambancin dala 96 ne a wata. Raba 10,500 da 96, za ka samu wata 109, shekara tara da ɗan wani abu. Ma'ana, in ka zauna da wannan bashin shekara tara, ka biya kyautar da aljihunka. In ka kai talatin, ka biya ta sau uku har da ɗori. In kuma ka sayar a shekara ta huɗu, ko ruwa ya sauka a kasuwa ka sauya bashin da wani mai sauƙi, to kai ka ci riba, domin babu abin da za ka mayar. Kyauta mai tsadar ruwa ta fi dacewa da mai ƙafa ɗaya a waje. Wanda zai dasa bishiya a tsakar gidan ya jira inuwarta, ya sake tunani.

Kyautar bankuna takan bambanta, domin ba kullum take ɗaga ruwa ba, amma tana ɗaure ka da bankin, kuma galibi sai gidan yana cikin unguwannin da suka zaɓa. Abin yi shi ne ka nemi takardar ƙiyasin bashi daga wurare uku. Doka ta tilasta musu ba ka ita cikin kwana 3 na aiki bayan ka nema, kuma tsarinta iri ɗaya ne ko'ina, sai ka jera su ka gwada layi da layi. Ka kuma tambaya ko kyautar za ta shiga cikin kuɗin da za ka biya wa haraji a shekarar, don wasu suna shiga.

Na biyu shi ne bashin da ake yafewa. A nan ne kuɗi masu kauri suke, a nan kuma igiyar ta fi tsawo. Ana rubuta shi a matsayin jingina ta biyu a kan gidan, babu ruwa, babu biyan wata-wata. Ka zauna a gidan adadin shekarun da aka gindaya, sai a soke shi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, askin a nan shi ne zama.

Abin da ya kamata ka tona shi ne yadda yafewar take tafiya, don iri biyu ce kuma tazarar da ke tsakaninsu babba ce. A jihar Niyok, hukumar SONYMA na ba da kashi 3 na kuɗin gida har zuwa dala 15,000, ana yafe shi cikin shekara 10, amma yana zaizayewa wata-wata. In ka sayar a shekara ta shida, abin da ya rage kawai ake magana a kai. A Ohayo kuwa, tallafin hukumar OHFA shekara 7 ne, kuma in ka sayar kafin su cika, duka za ka mayar. Wanda ya yi shekara shida da wata goma sha ɗaya da wanda ya yi wata shida hukuncinsu ɗaya. Na farkon kamar tudu ne da ake gangarowa a hankali, na biyun katanga ce, ko ka tsallake ko kana ciki. Na SONYMA shi ma yakan ɗan ɗaga ruwan babban bashin, don haka lissafin da muka yi a sama yana nan.

Birnin Niyok na da nasa, HomeFirst, wanda ke kaiwa har dala 100,000, a sayi gida mai ɗaukar iyali ɗaya zuwa huɗu ko falat a cikin birnin. Kuɗi ne na gaske, a garin da kashi 3.5 na gida ma ya isa ya sa mutum zufa. Amma zaman da ake nema shekara 10 ne ga ƙaramin adadi, 15 ga babba, sai ka yi karatun sayen gida a wata ƙungiyar da suka amince da ita, sai kuma ka saka wani abu daga ajiyarka. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Gidan ma sai ya tsallake dubawar masu bincike, kuma takardun na ɗaukar lokaci, abin da ke sa wasu masu sayarwa su juya wa mai tallafi baya su karɓi tayin mai kuɗi a hannu.

Yanzu ga inda abin ya shafe mu kai tsaye. Ban san Bahaushe a ƙasar nan da bai taɓa cewa "shekara biyu zan ƙara in koma gida" ba. Wasu sun faɗa a 1998, suna nan har yau, jikokinsu ba sa jin Hausa. Wasu kuma da gaske suke, ko kuma rasuwa ko jinyar mahaifiya ta ja su ba shiri. Dabarar da ke fara zuwa mana ita ce mu zuba 'yan haya a gidan mu tafi. To bashin da ake yafewa ba ya yarda da haka. Sharaɗinsa gidan ya zama mazauninka, wasu hukumomin har takarda suke aikowa duk shekara ka sa hannu. Ranar da ka tashi ka ba da haya, bashin ya farka. Haka in aiki ya kai ka wata jiha, haka in aure ya mutu aka sayar da gida. Sauya bashi ma yakan zama matsala: in ruwa ya sauka kana son ka koma mai sauƙi, sai mai jingina ta biyu ya yarda ya ci gaba da zama a baya, in ya ƙi, sai ka biya shi tukuna. Ka tambayi wannan kafin ka sa hannu, ka ce a nuna maka a rubuce.

Na uku, bashin da aka jinkirta. Ba a yafe shi, ba a kuma matsa maka. Yana kwance har ranar da ka sayar, ka sauya bashi, ko ka gama biyan babban. Jihar Meriland na da irinsa, misali dala 6,000 ba ruwa, Kalifoniya na da MyHome, har kashi 3.5 ga mai bashin FHA. Mutane na raina shi don ba kyauta ba ne, ni kuwa ina ganin mutuncinsa, musamman wanda babu ruwa a kansa. Dala 6,000 da za ka mayar bayan shekara ashirin ba ta kai darajar dala 6,000 ta yau ba, hauhawar farashi ta riga ta yi maka rangwame. Kuma ba ya ɗaure maka ƙafa da ƙidayar shekaru: ka sayar a shekara ta uku ko ta goma sha uku, in babu ruwa a kansa adadin ɗaya ne, ka san shi tun ranar farko. Haɗarinsa shi ne mantuwa, da faɗuwar darajar gida. Wanda ya saya a 2006 ya so sayarwa a 2010 ya san abin da nake nufi. In ka ci bashin kusan duk kuɗin gidan, farashi ya ɗan sauka, sai ka tarar abin da ake bin ka ya fi abin da gidan zai kawo.

Akwai ɗan'uwansa mai raba riba. A 2023 Kalifoniya ta fito da Dream For All, tana ba da har kashi 20 na kuɗin gida. Kusan dala miliyan 300 aka ware, kwana 11 suka ƙare. Da aka dawo da shi a 2024 sai aka mai da shi ƙuri'a, aka sa iyakar dala 150,000, aka kuma taƙaita shi ga waɗanda iyayensu ma ba su da gida. Yadda yake: ranar sayarwa ka mayar da uwar kuɗi, ka ƙara da kaso daga abin da gidan ya ƙaru. Ka sayi gida dala 500,000 jiha ta saka 100,000, ka sayar 650,000, ƙarin 150,000 ke nan. In kasonsu kashi 20 ne, dala 130,000 za ka miƙa. Duk wanda ya taɓa ba da saniya kiwo a raba 'ya'ya ya gane tsarin. Amfaninsa shi ne babban bashin ya ragu sosai, biyan wata ya sauko, inshorar bashi, wadda ake ɗora wa mai ƙaramin kafin alƙalami don kare banki, ta kau. Tsadarsa kuma tana bayyana ne daidai lokacin da gidan ya yi albarka.

Na ƙarshe a jerin, bashi na biyu da ake biya wata-wata da ruwansa. Wannan ba tallafi ba ne sai a suna. In ba ka da wata hanya, to, amma ka sani kana ƙara kaya ne a kan jakin da ya riga ya durƙusa.

Duk wannan magana a kan ƙaramin kuɗin ne. Babban bashin da tallafin ke hawa kansa shi ne zai bi ka shekara 30, kuma mutane sukan zura ido a kan dala 10,000 su manta da 290,000. FHA ta fi sauƙin shiga ga mai raunin kiredit, amma inshorarta na da nauyi: kashi 1.75 tun farko, wanda a misalinmu ya haura dala 5,000 kuma yawanci ana ɗora shi a kan bashin, sai kusan kashi 0.55 duk shekara, wajen dala 130 a wata. In kafin alƙalaminka bai kai kashi 10 ba, wannan inshorar ba ta sauka har ƙarshen bashin, sai dai ka sauya shi. A bashin da ba na FHA ba, dokar 1998 ta ba ka damar neman a cire inshorar idan abin da ake bin ka ya sauko kashi 80 na darajar gidan ta farko, a kashi 78 kuma dole su cire da kansu. Don haka mai kiredit mai kyau, 700 zuwa sama, sau da yawa HomeReady ko Home Possible sun fi masa, ko da tallafin da ke tare da su ya fi ƙanƙanta. Abu ɗaya da nake yaba wa FHA shi ne tana barinka ka sayi gida mai ɗaukar iyali biyu zuwa huɗu da kashi 3.5 ɗin nan, ka zauna a sashe ɗaya 'yan haya su taya ka biya. Sai dai ba kowane tallafi ke yarda da irin wannan gidan ba.

Sai maganar takardar zama. Daga 25 ga Mayu 2025, ma'aikatar gidaje ta HUD ta rufe ƙofar FHA ga waɗanda ba su da izinin zama na dindindin. Mai girin kat da ɗan ƙasa suna nan daram, mai bizar aiki kuwa sai ya nemi wata hanya, duk tallafin da ke manne da FHA kuma ya wuce shi.

Akwai hanyoyin da ba sa neman kafin alƙalami sam. 'Ya'yanmu da suka shiga soja suna da bashin VA, na ma'aikatar tsoffin sojoji, babu ajiya, babu inshorar wata-wata, sai kuɗin shiga sau ɗaya. Ma'aikatar noma na da nata ga gidajen karkara, kuma abin da suke kira karkara ya haɗa da gefen garuruwa da yawa. Malaman makaranta, 'yan sanda, 'yan kwana-kwana da ma'aikatan motar asibiti na iya samun gidan HUD a rabin kuɗi in za su zauna wata 36, amma gidajen kaɗan ne ƙwarai. Sai ƙungiyar NACA, wadda Bruce Marks ya kafa a Boston: babu kafin alƙalami, babu kuɗin kammala ciniki, babu inshorar bashi, ba sa ma duba makin kiredit, tarihin biyanka suke bi. Kuɗin da ba ka biya ba, da haƙuri za ka biya shi. Taro, ganawa, takardu a kai a kawo, wata da watanni. Mai natsuwa da tsarin ajiye rasit zai ji daɗinsu. Mai gaggawa zai bar su a rabin hanya.

Kowanne ka zaɓa, akwai wata ƙofa da ke tare mutanenmu fiye da kowa, ita ce asalin kuɗi. Na ga wannan da idona. Wani abokina ya kwashi adashi, dala 8,000 cif, sababbi da tsofaffi a ɗaure da roba, ya kai banki ya zuba a asusunsa mako uku kafin kammala ciniki, yana murna ya cike giɓi. Mai tantance takardu ta kira ta ce daga ina kuɗin nan? Ya ce adashi. Ta ce a kawo shaida. Uwar adashi littafi take da shi na makaranta, mai sunayen laƙabi da alamar biro. Ba su karɓa ba. Aka ɗage cinikin, mai gida ya gaji ya sayar wa wani. Banki yakan duba bayanan asusunka na wata biyu, duk wani kuɗi mai kauri da ya faɗo ba tare da takarda ba, kamar babu shi ne. In adashi za ka yi amfani da shi, ka zuba shi tun watanni kafin ka fara nema. In yayanka ne a Kano ko Akara zai taimaka, ya turo ta banki, da wasiƙar da ke cewa kyauta ce ba bashi ba, da shaidar inda kuɗin suka fito. Kada a ba wani matafiyi ya zo da su a jaka.

Masu tasi da Uber kuma suna da tarkon kansu. Duk shekara ana rage kuɗin mai da gyara da tafiyar mota har a takardar haraji mutum ya koma kamar mai neman zakka. Ranar neman bashi, banki zai ɗauki takardun shekara biyu ya ce wannan ne samunka. Ga tallafi, ƙarancin samu na shigar da kai, ga banki kuma yana fitar da kai. Dole lambar ta faɗa tsakiya: ƙasa da iyakar tallafin, sama da abin da zai ɗauki biyan wata. Wannan shiri ne na shekara biyu, ba na wata biyu ba.

Ban manta da riba ba, wato hukuncin kuɗin ruwa a Musulunci, kuma na san ga da yawa daga cikinmu ita ce tambayar farko, ba ta ƙarshe ba. Ni ba malami ba ne, fatawa tana wajen masu ita. Abin da zan iya faɗa shi ne yadda kayan suke a kasuwa. Yawancin tallafin jihohi, ko da shi kansa babu ruwa a kansa, ba a samunsa sai tare da babban bashi mai ruwa daga bankunan da hukumar ta amince da su. Kamfanonin da ke bin tsarin Musulunci, irin su Guidance Residential mai tsarin haɗin gwiwar da kake saye kason kamfani a hankali, da UIF a Mishigan, da Devon Bank a Shikago, suna da nasu sharuɗɗan. Wanda ya zaɓi wannan hanya ya fara da su, ya tambaye su wane tallafi suke iya haɗawa da kwangilarsu a jiharsa. Tallafin birni ko na ƙungiya wanda bai ɗaure ka da wani banki ba shi ya fi yiwuwar shiga. In babu, ajiya da gudummawar dangi ne, kuma gara mutum ya san haka da wuri da ya ɓata wata shida yana bin shirin da ba zai iya karɓa ba.

In ka ce in zaɓa maka, ga yadda nake gani. Wanda ya tabbata yaransa a nan za su gama makaranta, aikinsa kuma ba mai yawo ba ne, ya nemi bashin da ake yafewa, mafi girman da ya cancanta, ya fifita mai zaizayewa a hankali a kan mai katanga. Wanda zuciyarsa rabi tana gida, ya ɗauki kyauta tsantsa ko da ruwan ya ɗan hau, ko bashin da aka jinkirta marar ruwa, don su biyun ba sa ƙirga masa kwanaki. Wanda ke da kafin alƙalaminsa a hannu kuma kiredit ɗinsa na da kyau, ya gwada lissafin ba tare da tallafi ba, sau da yawa zai ga ruwa mai sauƙi ya fi masa dala 10,000 ta yau. Shi ma yana iya neman mai sayarwa ya ɗauki wani ɓangare na kuɗin kammala ciniki, FHA na yarda har kashi 6. Wanda kuma ko da tallafin ba zai rage da komai a asusu ba bayan ya karɓi makulli, ya dakata. Tukunyar ɗumama gida ba ta neman izini kafin ta mutu a watan Janairu, kuma yanzu babu mai gida da za ka kira.

Ƙanin nan nawa na tura shi wajen mai ba da shawara kan gidaje wanda HUD ta amince da shi. Kyauta ne ko kuɗi kaɗan, kuma kusan duk shirye-shiryen nan suna neman takardar shaidar karatun ko ta yaya. Ya je da matarsa, suka yi wuni guda a aji. Da ya dawo na tambaye shi ya aka yi. Ya ce mai ba da shawarar ta duba takardun harajinsa ta ce samunsa a rubuce ba zai ɗauki gida a Buronks ba, sai ya gyara na bana da na baɗi. Kuɗin adashinsa na watan Maris kuma ya riga ya kai banki. Na ce to zaman shekara goma sha biyar ɗin nan na HomeFirst fa, za ka iya? Ya yi shiru, ya dubi ƙasa, ya ce sai ya yi waya da Hajiya tukuna.